Ranar da Ƙofar Kwabata Ta Daina Kuka

Ko tsufa ya kwashe min duk abin da na gani a duniya, ba na jin zai iya ɗauke ranar da ƙofar kwabata ta daina kuka. Abin ya faru ne a shekarun farin nan da suka bi Damagaram, lokacin da dusa ta zama abincin mutane, shanu suna faɗuwa a bakin hanya babu mai ko jan su gefe.

Ni ƴar Gaffati ce, aure ya kawo ni cikin gari. Kwabar nan ta jera kwanuka babana ya sa aka sayo min daga Kano da kuɗin gyaɗarsa ta ƙarshe mai albarka. Ba a haɗe ta zo ba. Alluna ne sirara a kwance cikin kwali, da ƙullin kusoshi masu murɗi. Maigidana makaniki ne a tasha, ya ce ba sai an kira kafinta ba, shi ya haɗa ta da hannunsa. Ta tsaya kam, sai dai ƙofar ƙasa ta ɗan karkace. Duk sanda aka buɗe ta, sai ta ja wani kuka, ƙiiii, har zaure ana ji.

"Wannan ƙofar taki ta fi jakin mai ruwa baki," haka yake ce min. Ni kuma in ce, "To wa ya haɗa ta?"

Da fari ya yi tsanani, wan mijina ya zo daga Dogo da wani ƙaramin buhu a ƙarƙashin riga. Irin gero ne da hukuma ta raba wa manoma, an barbaɗe shi da jan magani don kada ƙwari su ci shi a ƙasa. Ya ajiye a gabana ya ce, "Amarya, amana na kawo miki. In na bar shi a gida, yunwa za ta sa a wanke shi a ci, ruwa ya sauka ba mu da abin shukawa. Amma ki kula, jan nan guba ne. Kazar maƙwabcina ta tsattsaga, ba ta kai azahar ba."

Na ce, "To Yaya, Allah ya ba ni ikon riƙewa." Amma gabana faɗuwa yake, domin ina da yaro, ɗana na fari, bai daɗe da iya tafiya ba, kuma duk abin da hannunsa ya kai baki yake kai shi. Yunwa ta ƙara masa wannan hali. Na sha ƙwace ƙasar bango daga bakinsa.

Ɗaki ɗaya muke haya, tsakar gidan kuma cike da baƙi ƴan ƙauye da fari ya koro. Babu inda zan ɓoye buhun sai kwaba. Na gwada allon sama, ya lanƙwashe kamar zai karye, dole na sauko da shi ƙasa. Ƙofar ba ta da makulli. Abin da ya kwantar min da hankali shi ne kukan nan nata. Ko ina madafa, ko ina bayan gida, da na ji ƙiiii sai in yar da abin da ke hannuna in ruga. Sau da yawa na tarar da yaron ya buɗe, yana kallona yana dariya, in ɗauke shi. Kunnena ya zauna a kan ƙofar nan kamar yadda yake zaune a kan numfashinsa.

Maigida ya san akwai iri a kwaba, amma bai san kukan ƙofar ne ke gadin ɗansa ba. Yadda aka tashe mu, mace ba ta nuna damuwa da ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yin zancensa a gaban miji ko surukai. "Yaron nan" nake ce masa. In buɗe baki in ce wa ubansa ina tsoro a kansa, a lokacin gani nake kamar in fita kasuwa ba ɗankwali.

Aiki ya tsaya a tasha, motoci ba sa zuwa. Maigida ya koma zaman gida, mutumin da hannunsa bai saba zama haka nan ba. Ya gyara murfin tukunya, ya gyara fitila, ya gyara abin da bai lalace ba ma. Wata safiya na goya yaron na tafi layin rabon tsaba. Ashe bayan fitata ya ɗauko turnabis ɗinsa na murɗa kusoshi ya kwance ƙofar. Daga baya ya faɗa min yadda ya yi: ramukan kusoshin ne suka buɗe, ya cusa musu tsinken ashana, ya mayar da kusoshin ya ɗaure tam, ya daidaita ƙofar, ya ɗiga baƙin mai a ƙarfen da ke riƙe da ita. Bai ce min komai ba. So yake in buɗe da kaina in yi mamaki. A shekarar da ba ya iya kawo min ko tiya ɗaya ta gero, abin da ya samu ya ba ni ke nan.

Na dawo rana ta take, ba mu samu komai ba, an ce a koma gobe. Shi ya fita masallaci. Na sauke yaron a ɗaki saboda zafi, na fito tsakar gida ina dakan dusa. Ina daka ina saurare, kamar kullum. Shiru. Har na ji daɗi a raina, na ce barci ya ɗauke shi.

Wata tsohuwa daga cikin baƙin, muna ce mata Iya, ita ta ɗaga kai ta ce, "Ke ƴar nan, yau ɗan naki ya yi hankali haka? Yaro mai yunwa ba ya shiru."

Taɓaryar ta faɗi daga hannuna.

Na ruga ɗaki, ƙofar kwabar a buɗe take wangame. Yana zaune a gabanta, ya yage gefen buhun da haƙoransa. Hannuwansa ja, haɓarsa ja, kumatunsa cike. Ya ɗago ya miƙo min tafinsa, wai in ci. Ban san sanda na ƙwala kiran sunansa ba, sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi. Duk gidan suka ji.

Iya ta fizge shi, ta kifa shi a cinyarta ta kwakule abin da ke bakinsa. "Ba lokacin kuka ba ne! Ɗauki buhun ku tafi asibiti, lokotoro ya ga abin da ya ci!" Na saɓa yaron na rungumi buhun na fita ba takalmi. Yashin ranar ya ƙone min tafin ƙafa, sai washegari na sani. A hanya ya fara amai, jikinsa ya saki, kansa yana lilo a kafaɗata. Ina gudu ina masa magana, duk maganar da kunya ta hana ni yi masa tun haihuwarsa.

Asibitin cike yake da yara masu manyan kawuna da siraran ƙafafu, a kwance har baranda. Lokotoron ya dubi jan hannunsa, ya dubi buhun, ya karɓe shi ya shige. Maigida ya iso yana haki, hula a hannu. Ya ce, "Yaya aka yi?"

Na ce, "Ban ji ƙofar ba."

Ya tsaya yana kallona. Na ga maganar tana shigarsa a hankali. Sai ya sulale ya zauna a ƙasa, ya ce, "Ni na gyara ta. Don ki ji daɗi na gyara ta. Me ya sa ba ki gaya min ba?" Nan muka zauna, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana share ido.

Yaron ya yi kwanaki bai san wanda ke kansa ba. An ce da jikinsa da ƙwari da abin bai kai haka ba, amma maganin ya tarar da ciki wayam. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi. Sai dai ya koma rarrafe, ya daɗe kafin ya sake tsayawa, kuma har yau da yake da furfura hannunsa na dama yana rawa in ya ɗauki kofi. Yarinyar da ke kwance kusa da shi, wadda yunwa kawai ke damunta, a gabana aka naɗe ta a tabarma.

Abin da ranar ta koya min shi ne, duk abin da ke tsare ran yaro bai kamata ya zauna a cikin mutum ɗaya ba. Ni da mijina kowa alheri yake nufi, kowa kuma ya yi shiru da nasa. Ban ce a zubar da kunya ba, da ita muka girma. Amma duk ƴar da na aurar, sai na ja ta gefe na ce mata: in kina jin tsoro a kan ɗanki, ko na fari ne, buɗe baki ki faɗa, ko a gaban wa.