Tarin Malam Hamma

A Roni, in aka ambaci Malam Hamma, garma ake fara tunawa. Shi kaɗai yake cicciɓar garmar shanu ya aza a amalanke, ba ya jiran kowa ya kama masa. Iyayensa makiyaya ne, shi kuwa ya zauna ya rungumi noman gyaɗa da gero, amma kunyar gidansu bai baro ta a ruga ba. 'Yarsa ta fari, Sadiyya, har ta gama karatun jinya ta dawo gida bai taɓa kiran sunanta ba. "Waccan" yake ce mata, ita ma ba ta haɗa ido da shi.

Da kakar bara, Sadiyya ta lura kullum mahaifiyarta Tasalla sai ta gasa muciya a bakin murhu, ta naɗe a tsumma, ta shige ɗakin maigida.

"Inna, tuwo ake tuƙawa a ɗakin Baffa?"

"Ke, kama bakinki. Kaluluwa ce ta sauko masa, ƙaya ya taka. Gasa masa nake yi."

"Tun yaushe?"

"Tun shuka."

Sadiyya ta tsaya tana lissafi. Wace kaluluwa ce za ta kai daga shuka har kaka? Lokacin da take koyon aiki ta ga wani manomi da aka kawo yana amai, hanjinsa ya maƙale a matsematsi, kuma bai koma gida da ƙafarsa ba. To amma 'yar fari ta tambayi ubanta matsematsinsa? Ko a mafarki.

Bayan azahar Malam Hamma ya shiga ɗaki ya saki labule. Tasalla na shanya a tsakar gida. Sadiyya ta kama igiyar shanyar, ta ɗaga murya.

"Inna, kin san akwai igiya irin wannan a jikin mutum? Jijiya ce mai kauri, ta taso daga tsinin ƙashin ƙugu ta gangaro har ƙashin mara, daidai inda cinya take naɗewa. Kaluluwa a ƙarƙashinta take zama. Amma in kumburi ya fito a samanta, in mutum ya kwanta ya koma, in ya yi tari ya ɓullo, to ƙaba ce. Hanji ne yake leƙowa ta inda naman ciki ya yi rauni. Ranar da ya maƙale kuwa, sai dai wani ikon Allah."

"To ni kike yi wa ihu? Kurma ce ni?"

"Karatu nake maimaitawa, kada in manta."

Can sai aka ji tari daga ɗaki. Aka ɗan jima, aka sake wani, irin na gwaji.

"Tasalla!" in ji Malam Hamma daga bayan labule. "Ce wa waccan, wani abokina ne yake tambaya. In a saman igiyar ne fa?"

"Inna, ki ce wa abokin Baffa likita yana ɗinkewa a Kazaure."

"Ce mata abokin nawa gyaɗarsa tana gona."

"Inna, ki ce masa gyaɗa za ta jira, hanji ba ya jira."

Tasalla ta jefa zanen da ke hannunta cikin bokiti. "Ni dai yau na zama wayar salula! Malam, wane aboki kuma? Muciyata har ta ƙone a kan abokin nan."

Washegari da hantsi suka hau mota. Malam Hamma ya zauna gaba, Sadiyya can baya, ba wanda ya kalli wani. Likita ya duba ya ce ƙaba ce, kuma an zo a kan gaɓa. Aka yi aiki, aka hana shi ɗaukar nauyi har ɗinki ya kama. Maƙwabta suka yi masa gayya aka cire gyaɗar, ƙarti biyu na nishi da garmarsa yana daga inuwa yana musu tsiya.

Har yau bai kira sunanta ba. Sadiyya kuwa ko daga barci ta ji ya yi tari sai ta zabura. Da ya gane haka, in tarin ya kama shi sai ya ɗaga murya ya ce, "Tasalla, ce wa waccan mura ce."