Guɗar Baturiya a Ɗakin Gwaji

A Yako, bikin da ba a ji guɗar Baturiya ba, to taro ne kawai aka yi. Mace ce gajera mai tuyar ƙosai da safe, amma in ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, wallahi har na gona sai ya ɗago kai. Wurin kakarta ta gaji abin, kuma tana ji da shi.

Bayan ta haifi autanta abu ya ɓaci. In ta yi tari ko atishawa, ko ta ɗaga tulu, sai fitsari ya ɗan zubo mata. Guɗa kuwa ba a magana. Ranar da abin ya same ta a tsakiyar mata a gidan suna, ta sulale ta koma gida tana hawaye, daga nan ta kulle bakinta. A zo kiranta ta ce maƙogwaro ke ciwo. Maƙogwaro lafiya lau! Tsoro ne ya cika ta, don ta sa a ranta yoyon fitsari ne, ciwon da ta ga ya hana wata ƙawarta shiga mutane. Ga bikin Bushra 'yar ƙaninta ya matso, kuma kowa guɗar gwaggo yake jira.

Da ƙyar ta gaya wa mijinta Balarabe, ya ɗauke ta a babur sai asibiti. Ita kuwa ta yi shiri irin nata: tun jiya ba ta sha ruwa ba, da isarsu kuma ta shiga bayi ta juye ɗan abin da ya rage, ta yi tsarki tas, don kada ta ji kunya a gaban ma'aikata.

Wata nas mai fara'a, Aisha Humaira, ta kwantar da ita ta ce ta yi tari. Ta yi. Ko ɗigo!

"Alhamdu lillahi, na warke!" in ji Baturiya, har da tafi.

"Mama, yaushe rabonki da ruwa?"

Da ta ji amsa sai nas ta riƙe baki. "Haba Mama! Kin kawo tulu a duba inda yake yoyo, kin zubar da ruwan a hanya? Gwajin nan sai mafitsara ta cika."

Aka ba ta ruwan leda ta fita wurin layi ta yi ta ɗirka, aka hana ta bayi. Da mara ta yi nauyi ta koma ciki, ta tsaya a kan ƙyallen da aka shimfiɗa. Sai dai kunya ta sa ta matse jiki, ta yi wani ɗan tari kamar na mage.

"Mama, me ya fi kawo shi?"

"Guɗa, 'yar nan."

"To saki jiki ki yi guɗa."

"A asibiti? Ke, rufa min asiri!"

Ta dai rufe ido ta kama hanci. Ayyiririri! Ɗakin ya ɗauka. Fitsari ya zubo tare da guɗar, tana yin shiru shi ma ya tsaya cak.

"Yawwa, abin da nake nema ke nan!" in ji nas, tana murna. "Yoyon da kike tsoro ba ya jiran tari, dare da rana yake zuba. Naki naman da ke riƙe fitsari ne haihuwa ta sassauta. Za mu auna fitsarin, likita ma zai duba ki, sannan in koya miki yadda za ki riƙa matse wurin kullum har ya yi ƙarfi. Sai an yi watanni fa. Ranar bikin ki sa ƙunzugu ki yi abinki."

Daɗi ya kashe Baturiya, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka biyu.

Tana fitowa ta tarar matan da ke layi sun taru a bakin ƙofa. "Barka, barka! Mace aka samu ko namiji?"

"Ba haihuwa ba ce," in ji ta, da ƙarfi kuwa. "Fitsari ke zubo min in na yi tari, kuma an ce da magani!"

Can sai wata dattijuwar Bafulatana da ta zo tun daga Doguwa, wadda ta gan ta tana ɗirkar ruwa ɗazu, ta ja bakin mayafin Baturiya, ta yi ƙasa da murya.

"'Yar'uwa, ruwan nan a ina ake karɓa?"