Kwalaben Bitrus Ba Su da Lamba

Shekara shida ke nan da muka binne ƙanena Bitrus. Na so bana in yi masa addu'a kawai in yi shiru, sai maƙwabciyata a Yelwa ta nuna mini talla a wayarta. Wai jami'a na neman waɗanda suka gama digiri na uku su zo su yi bincike kan tsofaffin irin dawa masu jure fari, ga albashi ga ɗakin gwaji. Na karanta sau biyu, raina ya ɓaci.

Aikin Bitrus ke nan. Da ya zama dokta a kimiyyar tsirrai, kullum yana kan babur zuwa ƙauyukan Gude da Mugulbu, yana bin tsofaffin mata su ba shi irin da suka gada. A wajenmu ba a ba wa ofis iri, mutum ake ba wa, kuma idan ka girbe sai ka mayar wa mai shi cikin tafin hannu. Shi ya sa bai sa wa kwalaben da yake adana irin a ciki lamba ba, sai sunan matar da ta ba shi. Na sha tsokanarsa cewa duk bokon nan ya ƙare a rajistar tsofaffi. Amsarsa ɗaya ce: "Adda, in na sa lamba, wa zan mayar wa?"

Sau uku yana neman irin wannan gurbi, sau uku ana ce masa kayan bincikensa ba su bi tsari ba. Ban wanke shi ba, yana da taurin kai. Yini ɗaya ya isa ya ƙara lamba a gefen kowane suna, kuma na faɗa masa. Amma cikin masu tantancewar babu wanda ya taso ya zo ya buɗe kwalba ko ɗaya. Kafin ya sake nema, aka ce shekarun da aka ƙayyade bayan digiri sun wuce masa. Ciwon hanta ya ɗauke shi bai taɓa shiga ɗakin gwajin da yake mafarki ba.

Kwalaben suna ɗakina. Iri mutuwa yake yi idan ya daɗe ba a shuka shi an sabunta ba. Ni malamar firamare ce, filin bayan gidana kuma ɗan kaɗan ne, don haka kowace damina ina shuka abin da ya ɗauka, saura su jira layi.

Makon jiya na ɗauki kwalba biyu na hau keke zuwa jami'ar. Jami'in da na samu ya jujjuya ɗaya ya ce, "Madam, kwalban nan ba shi da lamba. Kuma ke ba dokta ba ne, wa zai sa hannu?"

Da Bitrus na nan, dariya zai yi, ya cike takarda karo na huɗu, ya sake rubuta sunayen matan. Ni ba ni da haƙurinsa. Yawancin matan nan sun rasu, jikokinsu irin kasuwa suke shukawa. Bai bar gida ba, bai bar littafi ba, kwalaben nan ne kaɗai. Duk wanda ya samu gurbin, ya zo Yelwa kafin ruwan baɗi ya sauka, ya sa duk lambar da yake so, amma kada ya goge sunayen.

Bana layi ya zo kan kwalbar da ya rubuta wa "Mama", irin mahaifiyarmu. Na shuka duka, na yi sati uku ina leƙawa. Ko ɗaya bai fito ba.