Makiyayin da Aka Daina Gani

Ni ban yi boko ba. Dako na yi a kasuwar hatsi har bayana ya lanƙwashe. Na binne mata, na binne 'ya'ya. Ba kasafai abu ke girgiza ni ba.

Muna yara a Bagadaza, in an sauke tuwo, kakata Dudu takan tura guntun itace cikin murhu, mu kewaye ta. Bafillatana ce, Hausarta a karkace. "Ku matso, sarakan surutu, ga ta nan ta iso."

Ta ce wani makiyayi ya yi rani a gonar wani manomi. Shanunsa suka ci kara, suka bar taki, manomin ya ba shi rijiya da inuwa. A al'ada, in za ka tashi, sai ka kai ƙwaryar nono ka yi ban kwana. Shi kuwa ya kaɗa shanunsa da asuba, bai ce wa kowa uffan ba. Da rani ya zagayo ya dawo. Ya yi sallama, shiru. Ya tsaya gaban manomin, manomin yana kallon bishiyar da ke bayansa. Ya leƙa rijiya, babu fuskarsa a ruwan.

"Ya mutu ne, Kaka?"

"Ina! Da ransa, har yunwa yake ji. Ganinsa aka daina."

Bara jikana Habu ya daina zuwa garin Kwadon wurin yarinyar da yake nema. Wayarsa na ta ƙara, yana kife ta. Na tambaye shi.

"Tsoho, gostin ɗinta na yi."

"Me ke nan?"

"Turancinmu ne. Ba faɗa, ba bayani. Ka daina ɗaukar kira, ka daina amsa saƙo, ka ɓace kamar fatalwa. Ana yi wa budurwa, ana yi wa aboki. Kowa na yi."

Na tuna da Dudu. Tsohuwar da ba ta taɓa ganin waya ba, ta san abin nan tun kafin Turawa su raɗa masa suna.

Na ba shi labarin. Ya yi dariya. Na ce, "Ban ce ka aure ta ba. Ka je ka faɗa mata da bakinka." Ya ƙi.

Washegari ya gaishe ni, na dubi bango. Ya kawo mini koko, na miƙa hannu ta gefensa na ɗauki buta.

"Tsoho? Tsoho, ni ne fa!"

Ban motsa ba.

Kafin la'asar na ji tashin babur ɗinsa. Da magariba ya dawo, idanunsa jajir, ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama a hankali, kamar mai tsoron kada a yi shiru.

Na amsa.