Lallen da Muka Tafi da Shi Gwaram

Ba zan rantse cewa komai haka ya faru daki-daki ba. Shekaru sun ɗan ja, kuma mai yiwuwa na cakuɗa abin da na gani da abin da aka gaya mini daga baya.

Bayan na gama jami'a na dawo Birnin Kudu ina jiran aiki, sai na shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasan unguwarmu. Ba na fitowa fili. Aikina in tsaya bayan labule in tuna wa wanda ya manta maganarsa. Wasan a kan wata budurwa ne da saurayinta ya yi ta yaba fararen mata a gabanta, har ta shiga shafa man bilicin, fatarta ta ƙone, shi kuma ya gudu. Wadda ta fito a budurwar 'yar maƙwabtanmu ce, malamar firamare, baƙa, wadda ko hoda ba ta cika shafawa ba. A lokacin an yi mata baiko da wani mai shagon taki a Gwaram.

Da muka yi wasan a garinmu, da gawayi da man kaɗanya aka zana mata tabon ƙuna. Zufa ta narkar da shi, mutane suka yi ta dariya a inda ya kamata su yi shiru. Da aka gayyace mu Gwaram, sai dattijuwar da ke ɗinka mana kayan wasa ta ce da lalle za a yi.

"Ku maza kun mayar mini da 'ya mai tallar gawayi," in ji ta. "Ku matsa ku ga aikin mata."

"Inna, in ya ƙi fita fa?" malamar ta tambaya tana dariya.

"Ke dai miƙo hannu. Mai takin nan ai ya san kalar abarsa."

A tsakar gidan dattijuwar aka ɗiga wa malamar baƙin lalle a gaɓoɓin yatsu, aka shafa ja a kumatu. Ya kama sosai. 

A Gwaram ranar kasuwa ce, bayan la'asar, a filin wata makaranta. Ba wanda ya yi dariya. Ta ɓular labule na hango wata tsohuwa a sahun gaba na mata. Ba ta tafa ba, ba ta kalli sauran 'yan wasa ba, hannun malamar kawai take bi da ido. Daga baya na ji ashe gwaggon mai takin ce.

Da aka tashi ta zagayo bayan labule. Malamar ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ta kama hannunta, ta jiƙa gefen mayafi da yawu ta murza gaɓar yatsa. Ta sake murzawa.

"Lalle ne, Gwaggo. Na wasan ne."

"Lalle a kumatu? To." Ta saki hannun a hankali. "Kukan nan da kika yi kuwa ba na koyo ba ne, 'yar nan."

A bas ɗin dawowa ba wanda ya yi waƙar da muka saba yi. Malamar ta cusa hannuwanta cikin hijabi har muka iso.

Lallen ya goge bayan 'yan makonni, sai aka ce ai ta tsorata ne ta daina shafa man. Mai takin ya rage zuwa zance, daga baya aka aiko aka karɓi kayan baiko. Ba zan ce lallen ne kaɗai dalili ba, don ban shiga tsakaninsu ba, amma ban ji an faɗi wani ba.

Yanzu wani ya fito neman auren malamar, danginsa suna bincike, kuma na ji suna da 'yan'uwa a Gwaram. Dattijuwar da ta kwaɓa lallen ta koma Kano wurin ɗanta, ban san unguwar ba. Don haka ina roƙon duk wanda yake tsakar gidan nan ranar da aka ƙunsa wa malamar lallen, ya aiko mini da gyara in na yi kuskure. In kuma ban yi ba, don Allah ya faɗi abin da ya gani kafin masu binciken su isa Gwaram.