Zuhaira, Mai Ganin Tsufan Mabiyiya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, muna shirin sallar la'asar a Olelewa, labari ya iso daga Tanut cewa Allah ya karɓi ran Malama Zuhaira Abdulgafar, sajfam, wato ungozomar asibiti, mai duba ciki da na'urar hoto ta eko. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma.

Zuhaira, ni ce na fara zaginki, gara in faɗa da bakina. Shekara arba'in ina karɓar haihuwa, mabiyiyar da na binne a bayan ɗakuna ba ta ƙirguwa, sai ga yarinya sa'ar 'yata ta shafa wa mace mai a ciki, ta leƙa allo, wai mabiyiya ta tsufa. Na ce abin da bai fito duniya ba, yaushe ya sami lokacin tsufa?

Ba ki yi fushi ba. Ranar da na rako Sadiya matar Tanko da cikin wata takwas, kika jawo min kujera.

"Inna, zo ki gani. Fari-farin nan da ya zagaye mabiyiyar, kin san shi?"

"Ni ban san komai a talabijin ɗinki ba."

"In kin murza ta bayan haihuwa, ba ki taɓa jin tana ƙaras-ƙaras kamar yashi ba?"

Na san wannan yashin. Na sha jin sa a yatsuna, wani lokaci yaro na kuka lafiya, wani lokaci ana ɗinka ɗan likkafani. Ni sai aiki ya ƙare nake gani, ke kuwa tun da sauran dama. Kika ce tsufan kaɗai bai tsorata ki ba, amma ya zo da wuri, ruwa ya ragu, jinin uwar ya hau, yaron ya daina girma. A ranar kika sa Sadiya da mijinta a motar Damagaram, likitan babban asibiti ya ciro yaron tun da ransa. Tsofaffi na lissafa wata da yatsu, suna cewa saura. Yaron nan, Ila, bana shi ke kora awakin ubansa.

Maza kuwa tambayarsu ɗaya, mace ce ko namiji? Kya ce, "Malam, mai cin abinci ne, bari in duba ko tukunyarsa na da saura."

To, a kan tabarmar zaman makokinki na ji wasu na raɗa, wai yanzu mata za su huta da wuƙar likita, wai kina leƙen abin da Allah ya rufe. Na ji ku, kuma na san gidajenku, yawancinku ni na yanke muku cibiya. Wanda ya rufe cikin Shi ya ba Zuhaira ido. Jikata Ladi ƙafafunta sun kumbura, cikinta wata bakwai, surukarta ta ce tun da Zuhaira ta tafi ba inda za ta. Ranar Alhamis zan ɗauke ta mu je Tanut wurin wadda ta gaje ki. Mai hanawa ya fito ya tare ni a tasha, zai same ni da sandata.

Allah ya jiƙan ki, Zuhaira, ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ni ma ya yafe min baƙar maganar da na gaya miki. Ga maigidanki Malam Almustafa da 'ya'yanki da mahaifiyarki Hajiya Yagana, Allah ya ba ku haƙuri, mu kuma ya sa mu cika da imani.