Igiyar Madam Gindo

Kowace safiya, kafin a buga ƙararrawa, Madam Yatimbe Gindo takan jingine kekenta a gindin tsamiya, ta warware doguwar igiya mai ƙulle-ƙulle a filin wata sakandare ta garin Jenne, a ƙasar Mali. Kowane ƙulli shekara ɗari ne. Fir'aunonin Masar na can jikin katanga, Rumawa a tsakiya, daulolin Gana da Mali dab da ƙofar aji. Shekara talatin da ɗaya ke nan 'yan ajin farko suna taka tarihi da ƙafafunsu.

Darasin ƙarshe kuwa a kan wani tudu ake yinsa, a hayin kogi, inda tukwanen mutanen farko suke binne. A nan take nuna wa ɗalibai ƙullin da garinsu ya hau igiyar.

Wata shekara suka tarar ana haƙe tudun. Baba Sori Kontawo ne, masunci ɗan ƙabilar Bozo, yana cika kwando da tukwane saboda wani baƙo ya ce zai saya. Shugaban makaranta ya ce a kira jandarma. Ta ƙi. Ita 'yar ƙabilar Dogon ce, mazauna duwatsu, tsakaninsu da Bozo kuma akwai wasa, akwai alkawarin kakanni: ɗaya ba ya hana ɗaya abin da ya roƙa.

"Kai, ɗan ruwa!" ta ce. "Kifin ne ya gagare ka, ka koma kamun tukwane?"

"'Yar dutse, maciyiya albasa! Ina ruwanki da tukunyar da ba ta da mai ita?"

"Tana da mai ita. Riƙe nan." Ta danƙa masa igiyar, ta sa ya koma baya ƙulli goma sha biyu. "Kakarka ta dafa kifi a cikinta. Ni kuma tudun nan nake roƙo, dukansa."

Ya daɗe yana kallon kwandon.

"Kin cuce ni, 'yar dutse. Kin san ba ni da bakin ƙi."

Da hannunsa ya mayar da tukwanen, ya cike ramin. Tun daga ranar shi ke gadin tudun.

Ke ce uwar igiya, Madam. Ba ki taɓa ɗaga murya ba, ba ki kuma taɓa ja da baya ba. Bana za ki ajiye alli. Mun gode, Allah ya saka miki.

Matasan malamai, igiyar na rataye a ajinta. A samu wani cikinku ya sauko da ita. Baba Sori ya ce kwalekwalensa na bakin kogi, yana jiran 'yan ajin farko.